Notin da Ya Ƙi Kowane Sukundireba

Haƙorin ya fara motsi ranar Talata, ina tsakiyar tauna ɓawon burodi. Na dashe ne. Shekara goma sha shida da suka wuce wani likita ya kafa mini ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, ya ɗaure haƙori a kansa da ɗan noti. Likitan ya rasu. Matata da ta raka ni ranar, ita ma ta rasu bara. Haƙorin ne ya rage, ga shi shi ma yana haɗa kayansa.

Autata likitar haƙori ce, wata uku ke nan da buɗe ɗan asibitinta. Na tarar da ita da takardun talla biyu a kan tebur, tana neman zaɓar kamfanin da za ta riƙa ɗaukar kayan dashe a wurinsa. Ɗaya sabo ne, takardarsa sai ƙyalli, da hoton wani tsoho yana dariya kamar an yi masa alkawarin ba zai mutu ba. Ɗayan ya daɗe a kasuwa, takardarsa kamar sakamakon gwajin jini.

"Baba, wanne ya yi maka?"

"Wanda tsohonsa ba ya dariya."

"Hau kujera. Bakin nan naka ya fi kyau in an buɗe shi ba don magana ba."

Ta leƙa, ta ɗauki hoton ƙashin, ta ce ƙarfen lafiya lau, notin ne ya kwance. Aikin minti biyar.

Mun ci awa guda. Ta gwada sukundireba bakwai, ƙanana kamar tsinken ashana, babu wanda ya zauna. Ashe kowane kamfani da irin kan notinsa, na wani ba ya shiga na wani.

"Na wane kamfani aka sa maka?"

"An ce in buɗe baki, na buɗe."

"Duk littattafan nan da ka cika mana gida da su?"

"Babu wanda aka rubuta a kan muƙamuƙina, Likita."

Ba ta yi dariya ba. Ta cire safar hannu ta ce, "In na matsa da wanda ba nasa ba, kan notin zai cinye. In ya cinye, wataƙila sai an tono ƙarfen daga ƙashi. A shekarunka ba na so. Ai ana ba da kati ranar dashe. Ina naka?"

Na san inda yake. Gwangwanin zare da allura na mahaifiyarta, a saman kabad. Tun rasuwarta ban taɓa shi ba, ko ƙurarsa ban goge ba. Na ce mata zan duba, na kwana biyu ina tauna da ɓangare guda.

Rana ta uku da hantsi na sauko da shi. Maɓallan riguna da na daina sawa tuni, katunan rigakafin yara, mabuɗin wani kwaɗo da babu shi. A ƙasa ga katin, da sunan kamfani da lambar notin. A bayansa matata ta rubuta da biro: "Zai ɓatar, shi ya sa na ajiye."

Na daɗe a zaune. Ko bayan ranta sai da ta ci gardama.

Kamfanin ya rufe shekara tara da suka wuce. Amma da lambar, Auta ta bi tsofaffin masu ƙera haƙora a waya, har aka dace da wani mai irin sukundireban a kwance cikin durowa. Ya aiko. Minti biyar ɗin suka cika.

Ina kurkure baki dillalin sabon kamfanin ya shigo da jakarsa da murmushinsa. Ta bar shi ya gama yabon kayansa, sannan ta ce, "Bayan shekara ashirin, in ba ni ba kai, wa zai kwance notin nan?"

Ya ce kamfaninsu na nan daram. Na ce masa likitana ma haka ya ce.

Ta zaɓi mai takardar gwajin jini, wanda sukundirebansa ke kusan kowane asibitin haƙori. Da zan fita ta kwafe katin nawa, ta miƙo mini na asalin, ta jefa kwafin a durowarta.

"Ba ki yarda da ni ba ke nan?"

"Mama ta riga ta yi bayani, Baba."

Na mayar da katin cikin gwangwanin. Na goge murfin kafin na ɗora shi.