Kan Bubu Asenaca Ya Koma Gwanda

"Ke kika kashe ni, Reshmi! Ke, da hannunki, da wannan ɗan kwanon naki!"

Bubu Asenaca ce, wato Kaka Asenaca, tsaye a tsakiyar shagon gyaran gashi tana nuna madubi da tsinin lema. A cikin madubin wata tsohuwa ce ke harararta, gashi ya tashi tim kamar kullum, sai dai launinsa na nunanniyar gwanda, bakin-bakinsa kuma kore shar. Ita rini ja-ja kaɗan ta nema, irin na ɓawon kwakwa. Tun asuba ta hau bas daga ƙauye zuwa birnin Nausori saboda wannan, ga shi jibi auren jikarta Litiana, kuma ita ce za ta zauna a gaban layin mata masu rawar zaune.

Reshmi, mai shagon, ta goge hannu a tawul. "Bubu, sau biyu na tambaye ki, kin taɓa sa wani abu a kan nan? Kika ce man kwakwa kawai."

"To man kwakwa ƙarya ne?"

Ba ƙarya ba ne, amma ba shi kaɗai ba. Shekara goma sha tara ke nan Bubu tana dafa ɓawon itacen bakin teku, ta haɗa da baƙin taɓo, ta shafe kanta a bayan kicin don gashin ya yi baƙi. Duk wadda ta yaba, sai ta ce gado ne, su a gidansu ba sa furfura. Yau kuwa da aka yi tambayar, wa ke kujerar kusa da ita, kai cikin na'urar busarwa amma kunne a waje? Vasiti, matar fasto. Tsohuwa mai jika takwas, ta zaɓi ta ƙona kanta a kan ta ce "taɓo" a gaban Vasiti. Ita kanta ta san wautar ta kai a yi mata waƙa.

"Mayar min da shi baƙi yanzu."

"In na ƙara masa wani abu yau, a tafin hannu za ki tafi da shi gida. Sai bayan sati biyu. Ki ɗan sa hula mana."

"Hula? A cikin ƙauye, a gaban mai gari? Ke 'yar nan, a ina aka haife ki? Ko baƙo ya sauka daga jirgi sai ya tuɓe hularsa a bakin gari, balle ni!"

Vasiti ta leƙo daga cikin na'ura. "Ai ya yi miki kyau, Bubu. Ko daga bayan coci za a hango ki."

"Ke ki ji da naki, yana ƙauri."

Bubu ta sake duban madubi. Dariya ta taso mata, ta danne ta da ƙyar, don wanda ya zo neman haƙƙi ba ya wangale baki. Ta ja kujera ta dasa a bakin ƙofa, ta ɗora lema a cinya.

"Rawa dai zan yi ta, da gwandata a ka. Amma ba ni kaɗai zan sha kallo ba. Reshmi, jibi ki hau bas ki zo ki tsaya gaban matan garinmu ki ce hannunki ne ya goce. Maganar taɓo kuma..."

Ta waiwaya. Vasiti ta riga ta kashe na'ura.

"Wane taɓo, Bubu?"

"Ke kuma wa ya aiko ki gyaran gashi ranar Alhamis? Ba inda zan motsa. Cikinku biyu sai ɗaya ta fito ta amsa laifin kan nan!"