Yaron Nan

Usur yana bakin Malam Almu, ya kumbura kumatu har sau biyu, amma abin da ya fito bai kai kukan ɗan tsako ba. Ya cire, ya goge da bakin riga, ya miƙa wa maƙwabcinsa.

"Busa, Alhaji. Satar gida ce."

Alhaji Hudu dillalin hatsi ne, ƙwallo kuwa ko a talabijin ba ya kallo. Amma tun da ciwon ƙoda ya kama Malam Almu, shi ke goyo shi a babur kowace la'asar zuwa filin sakandaren Kurfi, ya kafa masa kujerar roba a gindin darbejiya. Ya busa kuwa, har yaran suka toshe kunne.

Da aka ci gaba, wani dogon yaro ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya yanke mutum uku, ya ɗirka ta da hagu cikin raga. Fili ya ɗauki ihu: "Mutawakkil! Mutawakkil!" Malam Almu ya sunkuya yana gyara silifas ɗinsa, wanda babu abin da ya same shi.

Wannan sunkuyon ne ke ci wa Alhaji Hudu tuwo a ƙwarya. Kowace shekara Koci Abdullatif yana zuwa Dutsin-Ma daga Katsina, ya zaɓi yara don makarantarsu ta horar da 'yan ƙwallo, inda manyan ƙungiyoyi da jami'o'i ke zuwa ɗiba. Ba ya duba yaro sai da takardar malaminsa, kuma ba ya ɗaukar wanda ya wuce sha takwas. Malam Almu ya rubuta wa 'ya'yan mutane takarda ba adadi, har na Rawayau da Barkiya. Mutawakkil, wanda bana ce shekararsa ta ƙarshe, ɗansa ne na fari. Tun ranar suna bakin Malam bai taɓa furta sunan ba. "Kai" ne, ko "yaron nan", kamar yadda nasa uban ya yi masa.

A hanyar gida Alhaji Hudu ya rage mai.

"Malam, Asabar mai zuwa mutumin zai zo, takarda huɗu na gani."

"Huɗu ne."

"To naka fa?"

"Alhaji, kula da ramin nan."

"Na gan shi. Ni ma ba na kiran sunan ɗiyata ta fari, amma ban hana ta abinci ba."

"Ni in zauna in yabi ɗan cikina, har in sa hannu? Mi za a ce da ni? Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

"Kwaɗon ma ai sai ya fito rami!"

Hannun Malam da ke riƙe da kafaɗar Alhaji ba shi da nauyin komai, abin da ya sa Alhaji ya haɗiye sauran faɗan ke nan.

Washegari Mutawakkil ya sami Alhaji Hudu a rumfar hatsi, ya durƙusa.

"Baba Alhaji, ka daina wahalar da kanka. Shekara shida ina buga ƙwallo gabanshi, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dube ni ba. In an gama jarrabawa zan bi Kawu kasuwa."

Ya faɗe ta ba ɗaci a murya, kamar mai faɗin farashin gero. Alhaji Hudu ya ji tausayinsa.

Daga ranar Litinin Malam bai sake fita ba. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ran Laraba bayan azahar matarsa Huseina ta yi wa Alhaji magana ta katanga, wai Malam na kira. Yana kwance a katifa ƙasa, kwanon kunu a gefe ya yi fata ba a taɓa ba. Kofunan gasar makarantu biyu suna kan kabad, ragar ƙwallaye a rataye bayan ƙofa. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo ambulan mai kauri.

"Ka kai ma Abdullatif. Hannu da hannu. Akwai wurin da na bari, kai za ka cika."

"Wane wuri?"

"Za ka gani. Ungo usur ɗin ma, ka iya busawa yanzu."

"Ni da na kusa kurmantar da yara?"

Malam ya yi dariya har ta koma tari.

Ya cika ran Alhamis da hantsi, Huseina na riƙe da kansa. Kafin azahar an kai shi. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta rige-rigen ɗaukar makara, wasu da rigar ƙwallo a ƙarƙashin jamfa.

Asabar ta faɗo ranar sadakar uku. Ana shafa addu'ar safe Alhaji Hudu ya miƙe daga tabarma, ya ce wa Mutawakkil ya taso. Kawun yaron ya ɗaure fuska.

"Haba Alhaji! Uba kwana uku a ƙasa, a ce an tafi ƙwallo?"

"Saƙon mamaci zan kai, kuma ba ni kai shi ni kaɗai."

Ana cikin haka hannun Huseina ya fito ta labulen zaure, riƙe da baƙar leda. Takalmin ƙwallo ne a ciki.

A filin Dutsin-Ma yara sun fi ɗari, kowa da takardarsa. Koci Abdullatif ya yi ta'aziyya, ya buɗe ambulan a tsaye. Shafi biyar ne na littafin makaranta, tawadar farkon ta koɗe, rubutun ƙarshen yana rawa. Ya juya gaba, ya juya baya.

"Alhaji, ai ba suna."

"Karanta mu ji."

Ya karanta da ƙarfi, Mutawakkil na tsaye da ledarsa.

"Yaron nan bahago ne, amma tun aji uku yake gyara damarsa da bangon bayan gida bayan sallar asuba, yana zaton ina barci. A wasanmu da Dutsin-Ma yana aji biyu ya gurɗe ƙafa minti goma da farawa, ya ɓoye, ya ƙarasa wasan. In ya gaji yakan dafa ƙugu da hannun dama, a nan za ka canza shi, don shi ba zai roƙa ba. Ya ci ƙwallo sittin da ɗaya a gabana, ga ranakunsu a baya. Yana da zuciya, a bi shi a hankali. Ban horar da wanda ya kai shi ba. Abdullatif, ban taɓa roƙonka don kaina ba."

Koci ya dubi yaron, ya dubi Alhaji, sannan ya zaro biro daga aljihu ya miƙa. A saman shafin farko akwai layin da aka ja da rula, ba komai a kansa. Alhaji Hudu ya ɗora takardar a kan tankin babur, ya rubuta da manyan baƙaƙe irin na jikin buhu: MUTAWAKKIL ALMU.

"Sa takalminka," in ji Koci, ya jefa wa yaron riga mai lamba. "Kai za ka fara."

Mutawakkil ya zauna a ƙasa. Ya ɗaure igiyar hagu, ya kwance, ya sake ɗaurewa, kansa a sunkuye, ƙasar da ke tsakanin ƙafafunsa tana jiƙewa ɗigo-ɗigo. Alhaji Hudu ya koma gefen fili inda inuwa take, ya tsaya kusa da wata kujerar roba da ba kowa, hannunsa cikin aljihu yana juya usur.