Jirgi Ɗaya, Jiha Biyu

Wal Dunstan ba ya biyan kuɗin abinci sai ya sa tabarau ya karanta rasit tun daga sama har ƙasa. Tsohon direban motar madara ne, kuma tun da ya yi ritaya ya mayar da gardama da masu shaguna sana'a. A garin Echuca akwai wuraren shan kofi da in an hango hularsa daga nesa, sai ma'aikata su fara tura juna, kowa na cewa ba layinsa ba ne.

Shi ya sa ranar Talatar tseren dawaki, wadda ake hutu a jiharsu ta Victoria, matarsa Beryl ta tare shi a bakin ƙofa kafin su fita.

"Wal, dube ni. Yau ne za mu fara ganin mahaifiyar Eleni. Ɗanka Lachlan sai da furfura ta fara fito masa kafin ya samu wadda ta yarda da shi. Ko takalmi suka soya maka, ka ci, ka ce ya yi daɗi."

"Ni yaushe na taɓa..."

"Rantse."

Ya rantse.

Lachlan ne ya zaɓi wurin: wani tsohon jirgin ruwa da aka ɗaure a bakin kogin Murray, iyakar Victoria da jihar New South Wales, aka mayar da shi gidan abinci. Can suka tarar da Eleni da mahaifiyarta, Voula Katsaros, wadda ta taso daga Melbourne. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce cikin baƙar riga, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Duk abin da aka faɗa sai ta gyaɗa kai kawai. Wal ya yi mata labarin ambaliya, ta gyaɗa kai. Ya yi mata barkwancinsa na direbobi, ta gyaɗa kai. Ya ce a ransa, wannan mata ta riga ta raina su.

Abincin kam ba laifi. Kifin ya soyu, dankalin da zafinsa. Jirgin cike yake, mata da manyan huluna masu gashin tsuntsu, kowa na jiran a fara tseren a talabijin.

Da aka gama, Raelene mai kawo abinci, wadda suka yi makaranta da ƙanwar Beryl, ta ajiye rasit a gaban Wal ta yi sauri ta bar wurin, don ta san shi. Wal bai ko taɓa tabarau ba. Amma idonsa ya riga ya saba, shi da kansa ya gangara ƙasan takardar: ƙarin ranar hutu, kashi goma sha biyar cikin ɗari.

Ya karanta takardar jerin abincin nan gaba da baya lokacin da yake yi kamar yana zaɓen kifi. Ba a rubuta ba. Bai gani a bango ba, bai gani a kan teburin karɓar kuɗi ba. Kuma ya sani sarai cewa mai gidan abinci yana iya ƙarawa ranar hutu, amma sai ya sanar da mutum kafin ya ci, ba bayan ya haɗiye ba. Magana ta taso masa har maƙogwaro. Ya buɗe baki, sai ya ji dugadugin takalmin Beryl ya sauka a kan babban yatsan ƙafarsa ya zauna.

"Lafiya, Baba?" in ji Lachlan. "Ka yi ja."

"Barkono ne," in ji Wal, ga shi ko barkono bai taɓa ba.

Ya zaro katinsa na banki. Bai kai ga ajiyewa ba, wani ƙaramin hannu mai zobba ya danne rasit ɗin.

"Mu gani," in ji Voula.

Ta buɗe jakar nan, ta fiddo tabarau mai kauri fiye da nasa. Eleni ta rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Mama, don Allah, kin yi alkawari."

"Na yi alkawarin ba zan yi maganar girki ba. Wannan ba girki ba ne." Ta ɗaga yatsa ɗaya. "A kira mini mai wurin."

Grant Pettifer ya taho da murmushi da hular kyaftin, ko da yake jirgin ya daɗe bai motsa daga inda yake ba. Ya ce ai sanarwa na nan a jikin ƙofar shiga, kowa na iya gani.

Voula ta juya. "Wal, kai ne mai tsawo. Je ka gano mana."

Wal ya dubi matarsa. Beryl ta dubi rufi, sannan a hankali ta ɗage ƙafarta.

Ƙofar a buɗe take saboda zafi, an tokare ta da ƙatuwar tukunyar fure, fuskarta na kallon bango. Sai da Wal ya ja tukunyar yana nishi, ya cusa kansa tsakanin ƙofa da bango, hularsa ta faɗi. Daga can ciki muryarsa ta fito, duk jirgin na ji.

"Na same ta! Ba ta kai tafin hannuna ba. Gizo-gizo kaɗai ke karanta ta, shi ma ban ga ya ci kifi ba!"

Mutane suka fara dariya, wasu suka fara duba nasu rasit. Grant ya gyara hula, ya sauke murya kamar mai ta'aziyya. Ya ce jama'a ba su san wahalar sana'ar nan ba. Ranar hutu dole a biya ma'aikata kusan ninki, ƙarin nan duk aljihunsu yake shiga, shi ko sisi ba ya gani.

Raelene na wucewa da tulin faranti. Ta tsaya cak.

"Aljihun wa, Grant? Da safe ka ce mana jirgin a kan ruwa yake, ruwan kuma na New South Wales ne, can kuwa yau ba hutu. Ka ce albashin Talatar da aka saba za ka ba mu."

A daidai lokacin aka saki dawakai a talabijin. Mai sharhi na ta ihu, ba wanda ya waiga.

Voula ta cire tabarau ta ninke. "To, ɗan nan, taimake ni, ni baƙuwa ce. Tebur yana Victoria, kicin yana New South Wales?"

"Na zagaya banɗaki ɗazu," in ji Wal yana karkaɗe hula, "ban ga shingen iyaka a hanya ba."

"Zaɓi ɗaya," in ji Voula. "Ina muke?"

Grant ya dubi kogi ta taga kamar zai samu amsa a can. Mai girki ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu, bayansa mai wanke-wanke, hannu duk kumfa. Grant ya ce, "Victoria."

Kicin ya kaure da shewa.

"Madalla," in ji Wal. "Ke nan yau hutu ne, ka biya su na hutu. Mu kuma tun da ba ka sanar da mu ba, ka cire."

Haka Grant ya bi tebur-tebur yana sake rasit. Raelene ta samo alli da allo, ta rubuta sanarwar ƙarin da baƙaƙe manya-manya, ta jingine a bakin gadar shiga saboda masu zuwa cin abincin yamma. Wani mutum mai jan wuya ya zo ya girgiza hannun Voula, sannan ya tambaya wane doki ya ci, aka rasa wanda ya sani.

Da suka fito, Wal da Voula ne a gaba, ta riƙe masa gwiwar hannu, bakinta bai rufu ba. Beryl da yaran na biye a baya.

"Wallahi, Voula, ban taɓa ganin irinki ba. Lauya ce ke a da?"

"Lauya? Shagon kifi da dankali na riƙe, ni da marigayi, har gwiwoyina suka gaji."

"Ashe! To ke kam na san ba ki taɓa yi wa mutane wannan ƙarin ba."

"Ni? Duk ranar hutu. Amma a gilashin gaba nake rubutawa da jan fenti, daga tsallaken titi kana karantawa. In ka ga dama ka shigo, in ba ka gani ba ka je gida ka soya da kanka."

Wal ya waigo ya dube ta. "Nawa kike ƙarawa?"

"Kashi ashirin."

"Ashirin!" Ya tsaya a tsakiyar hanya. "A kan kifi da dankali?"

"Ka taɓa cin kifina?"

"A'a, amma ashirin..."

"To sai ka ci tukuna. Lahadi mai zuwa ku zo gida." Ta ja hannunsa suka ci gaba. "Ranar nan kyauta ne. Amma kai za ka fere dankali."