Kunnuwan Jikar Baba Hosea

Kafin Hamman ya buɗe shagon kwamfuta a Jimeta, shekara goma ya yi yana gyaran babur, kuma halin makaniki bai sake shi ba. Duk abin da bai san amfaninsa ba, kwance shi yake yi, wai inji ya yi sauƙin tashi. Haka ya yi wa tsohuwar kwamfutarsa. Ya zauna ya sake haɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, ya zubar da duk abin da ya ga dama. Ta kuwa kama gudu, shi kuma ya cika layin da fariya.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Baba Hosea, tsohon hedimasta, da autarsa Keturah. An haifa masa jika ta fari a Ingila, an turo hotonta ta imel. A gidansu ba a raɗa wa jariri suna sai kaka ya ga fuskarsa, ga shi jibi za a kai ta coci.

"Baba, zauna. Minti biyu," in ji Hamman.

Modem, abin da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya buga lamba, ya yi ƙugi, ya yi tsuwa, sai ɗif, layi ya katse. Sau bakwai ana haka. Hamman ya zargi waya, ya canza ta. Ya zargi zafin gari, ya juya wa modem fanka. Har hure shi ya yi kamar fulogin babur. Kunya ta rufe shi, domin ga tsohon zaune yana ta murza hularsa.

Keturah, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a, ta leƙo ta karanta rubutun da ke allon.

"Hamman, layi lafiya yake. Inji ya ce kanel ɗinka ba shi da PPP. Shi ne ke ɗaukan saƙo ta wayar tarho. Wa ya cire?"

Hamman ya sosa ƙeya. "Na ga kamar kayan ado ne."

"Kenan ka cire sarƙa don babur ya yi sauƙi!"

Dariya ta ƙwace wa Baba Hosea har da tari. Hamman ma ya dara, ya ɗauko faifan Linux daga ƙarƙashin tebur. Suka nemo wurin, suka mayar da abin da ya yar, suka bar inji yana haɗa sabon kanel. Aikin ya ci awa biyu. Hamman ya je masallaci ya dawo da kindirmo mai sanyi, suka sha.

Da suka sake kunnawa, modem ya yi ƙuginsa, wannan karon bai saki ba. Hoton ya fara sauka daga sama, layi-layi, a hankali kamar ana zare labule. Gashi ya fito, goshi ya biyo. Da aka iso kunnuwa, Baba Hosea ya miƙe tsaye.

"Kai! Kunnen mamanku ne, Keturah. Duba yadda ya buɗe!"

Shekara shida ke nan da rasuwar matarsa Lilian. Yana dariya, hawaye na bin gemunsa, farin ciki ya hana shi komawa kujera. Bai ma jira hanci da baki su fito ba, ya dafa kafaɗar Hamman.

"Ɗana, rubuta musu. Ka ce Lilian ta dawo gida."