Ranar da Dokas ta Kwance Igiyar Duna

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Aaron, hawan dutse ya dawo wuyan matarsa Dokas. Gonarsu ta gado tana can saman dutsen da ke bayan garinsu Duvu, hawa-hawa, an tare ƙasarta da jerin duwatsu tun zamanin kakanni. Ba wata babbar gona ba ce, amma masararta ce ke riƙe gidan har wata damina. 'Yarsu Purity, wadda ke aikin jinya a Yola, ta sha cewa a bar gonar nan haka. Aaron ba ya iya doguwar magana yanzu, amma da an ɗauko zancen sai ya juya fuska ga bango.

Don haka kowace safiya Dokas takan wanke shi, ta zaunar da shi a gindin mangwaro, ta ajiye masa kunu ta wajen hannunsa mai lafiya, sannan ta saɓi fartanya ta kama igiyar Duna.

Duna baƙin kare ne, dogo, mai yagaggen kunne. Aaron ne ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo. Ita Dokas ba ta taɓa ƙaunarsa ba, ga ci kamar gara, ga bin kaji. Amma da yamma in sun sauko, karen kan wuce ta a guje ya zube a ƙafafun maigidan, shi kuma ya yi ta tsince masa ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa daga gashi yana dubawa. Ta nan yake sanin hanyar da suka bi, da ko ƙasa ta sha ruwa a sama.

Abu ɗaya Aaron ya dage a kai da harshensa mai nauyi: kada ta kuskura ta kwance igiyar in akwai birai. Ba ƙananan jajayen nan ba, manyan, bika, masu haƙora kamar wuƙa. Ya ce ba sa tsoron kare ɗaya. Yi suke kamar sun firgita, su ja shi cikin duwatsu inda mutum ba zai iya bi ba. A da maza kan hau tare da karnuka rututu. Yanzu samari sun gangara Mubi neman na kansu, gonakin sama sun koma daji, tasu ce kaɗai ta rage.

Ranar da abin ya faru damina ta ja baya, masara ta ƙosa. An yi yayyafi da safe, hanya sai santsi. A bakin mayo, wato rafin da ke gindin dutsen, ta tarar da Gabdo yana shayar da shanu. Dattijon makiyayi ne, rugarsu na gindin dutsen tun kafin a kawo Dokas gidan aure. Ya tambayi jikin maigida, sannan ya gaya mata tun gari bai gama wayewa ba yake jin hayaniyar birai ta wajen gonarsu. Ba ta tsaya ƙarasa gaisuwa ba.

Tun kafin ta hango gonar ta fara jin ƙarar karyewar kara. Da ta leƙa ta bayan wani dutse, sai ga birai. Sun cika gonar, manya da masu goyo. Ba ma ci suke sosai ba, kowane ya ɓalle, ya gatsa, ya yar, ya kama wani. Masarar hawan ƙasa duka ta kwanta. Ta yi ihu, ta buga tsohon gwangwanin da ke rataye a bukkar gonar, ta yi jifa har kafaɗarta ta amsa. Ko gezau. Wani ƙato ma zama ya yi a kan dutse yana ɓare masara yana kallonta, kamar shi ne mai gonar.

Duna kuwa ya haukace. Yana fizga, igiya na cin tafin hannunta, har ya ja ta ta zube a kan gwiwa. Daga durƙuson nan ta dubi gonar. Ita kaɗai ta yi shuka, ita ta yi noma, da ƙafafun da ke kumbura kullum. Ta ce a ranta, bari dai ya kora su zuwa bakin gona, sai ta kira shi. Ta kwance ƙullin.

Ya tafi kamar kibiya. Biran suka ruga suna kururuwa, har ta ji wani sanyi a zuciyarta. Amma ba su bazu ba. Gaba ɗaya suka nufi wani tsagin dutse a sama, Duna na biye. Ta kira shi. Ta gwada irin fiton da Aaron ke yi, bakinta ya bushe, iska kawai ta fito. Ta ji haushinsa yana nisa, sai haushin ya koma wani irin kuka da ba ta taɓa jin kare ya yi ba.

Da rarrafe ta hau wajen. Ta same shi kwance tsakanin duwatsu biyu, an farke masa ciki da cinya. Yana ganinta ya kaɗa wutsiya. Wannan ne ya sa ta kuka.

Tana nan ta rasa ta inda za ta kama shi, sai ga Gabdo yana haki, ya bar shanu a ƙasa ya biyo kukan. Ya tsaya ya duba, ya girgiza kai. Dokas ta san mutumin nan ko inuwar kare ba ya so ta taɓa rigarsa. Ta ce ya koma wajen dabbobinsa, za ta san yadda za ta yi.

Ya ce, "Maman Purity, ke kaɗai ba za ki iya ba. Kawo buhu daga bukka."

Ta ce, "Malam, jini zai ɓata ka."

"Akwai ruwa a mayo."

Suka sa shi a buhu, Gabdo ya huda bakin ya zura sandarsa, kowa ya saɓi gefe. Shi ne a gaba. Gangaren ya fi hawan wuya. Tana ta lissafin yadda za ta sami mai mashin ya kai su wajen likitan dabbobi a Mubi, tana faɗa da ƙarfi, Gabdo na amsa mata da to, to. Sai da suka kai bakin ruwa ya sauke gefensa a hankali. Ya ce tun a tsakiyar gangare numfashin ya tsaya, ya ji a sanda, bai so ya faɗa mata a inda ƙafa ke iya zamewa ba.

Ya ba ta shawara su binne shi nan, ta gaya wa maigida ya ɓata a dutse. Ta san in ta faɗi haka, Aaron zai zauna yana kallon ƙofa har ƙarshen ransa. Ta ce a'a, su ƙarasa da shi gida.

Aaron na gindin mangwaro suka shigo. Ya dubi Gabdo, ya dubi buhun, ya dubi igiyar da ke naɗe a hannunta. Ta durƙusa ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ta so ya yi mata faɗa. Bai yi ba. Ya sa a matso masa da buhun, ya ɗora hannu a kan karen, ya daɗe a haka. Da kyar ya haɗa kalmomin yi wa Gabdo godiya. Ita bai ce mata kome ba.

Shirun nan ya daɗe a gidan. Yana karɓar kunu daga hannunta, yana bari ta wanke shi, amma idonsa ba ya sauka a nata. Biran kuwa suka koma suka ƙarasa aikinsu. Abin da Dokas ta iya tsincewa bai rufe ƙasan rumbu ba. Wata maƙwabciya, Winifred, ta kawo ɗan kwikwiyo cikin kwali, Aaron ya ɗaga hannu ya ce a mayar.

Bayan kaka Purity ta zo da buhun masara daga kasuwar Mubi, ta sake ɗauko zancen gonar. Dokas na shara, ta tsaya da tsintsiya a hannu. Sai Aaron ya ɗago, karo na farko ya dubi matarsa ido cikin ido.

Ya ce, "Ƙafarki ta gaji. Ki sauko da kayan bukka."

Washegari ta hau ita kaɗai, ta kwaso tukunya da tsofaffin fartanyoyi, ta ɗaure su a zane. Sau da yawa ta huta a hanya kafin ta iso gida.