Shuɗiyar Filash

Shekara tara Auta ya yi a shagon surfanin yayansa, kuma doka ɗaya ce Yaya yake nanatawa har ta zama abin tsokana: filash ɗin shago ba ta ƙetare bakin ƙofa. Guda shida ne, suna rataye a ƙusa bayan kwamfuta, kowace da launinta. Da su ake ɗaukar zane daga kwamfuta a kai wa manyan injina biyu da ke ƙuryar shagon, su kuma su yi ta sukar yadi da allurai har baji ko suna ko fure ya fito.

Zanen kuwa aikin Kawu ne, ƙanin mahaifiyarsu. Da hannu ya fara surfani tun kafin a haifi Auta. Da injina suka zo, da furfurarsa ya zauna ya koyi kwamfuta, da yatsa ɗaya, yana ɗora tabarau a kan tabarau. Ba ya sauri, amma in ya zana ganye sai ka ji kamar ka tsinka.

Ba wai Yaya yana cutar Auta ba ne. Sai dai mutum mai shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku, har yau "Auta, miƙo almakashi" ne, "Auta, leƙa ka gani ko an kawo wuta". Saboda haka da ya ji wani kamfanin ɗinki yana neman mai kula da injina, sai ya faki idon kowa ranar Litinin da rana, ya rubuta takardar neman aiki a kwamfutar shago. Ya tura ta cikin shuɗiyar filash, ya goge ta daga kwamfutar, ya ce zai je sayo zare.

Shagon buga takardu ya je. Layi ya tarar, kowa da filash a hannu, kwamfuta ɗaya tana karɓar ta kowa ba tambaya. Aka buga masa, ya kai takardar inda ya kamata, ya dawo da zare ƙulli biyu don kada a ce.

Da ya soka filash ɗin a kwamfutar shago don ya goge wasiƙar, sai ya ga abin ya canza. Kowace folda ta fito da 'yar kibiya a gefe, wasiƙar kuwa babu ita babu alamarta. Ya danna ɗaya. Wani baƙin akwati ya yi walƙiya a fuskar kwamfutar ya ɓace. Daidai nan ya ji muryar Yaya a bakin ƙofa, sai ya fizge filash ɗin ya jefa a aljihu.

Washegari da hantsi injin farko ya ce ba zane a cikin jar filash. Aka kawo koriya, haka. Aka kawo fara, haka. Yaya ya buɗe durowa ya ɗauko babban ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, wanda zanen shekara goma sha ɗaya suke ciki. Auta ya buɗe baki zai ce kada a soka, sai ya tuna za a tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya rufe bakinsa. Kafin ka ce me, shi ma ma'ajin ya cika da foldoji masu kibiya, ba wadda injin yake iya karantawa.

Yaya ya juyo, jijiyar goshinsa ta tashi.

"Wa ya sa wani abu na waje a kwamfutar nan?"

Kowa ya tsaya cak. Har da wata mata da ta zo karɓar rigunan 'yan makaranta ta daina danna wayarta.

Kawu ne ya yi gyaran murya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar ƙaramar filash da yake sa wa rediyonsa.

"Ina jin ni ne," ya ce. "Jiya da yamma na sa ta, ina so in ga ko tsofaffin waƙoƙin nan suna nan. Ban san haka za ta yi ba."

"Waƙoƙi!" Yaya ya daki tebur. "Aikin shekara goma sha ɗaya, saboda waƙoƙi! Sau nawa zan faɗa? Kawu, in girma ya zo maka ka faɗa mana. Abin da ba ka iya ba ka daina taɓawa!"

Tunda Auta yake bai taɓa jin Yaya ya ɗaga wa Kawu murya ba. Wannan fa shi ne mutumin da ya goya su a kekensa zuwa makaranta shekarar da mahaifinsu ya rasu. Kawu ya cire tabaransa ɗaya, ya cire na biyu, ya riƙe su a cinya yana kallon ƙasa. Matar nan ta ce za ta dawo anjima, ta fice sumsum. Auta kuwa sai ya duƙa yana tsince zaren da ba ya bukatar tsincewa, yana jin filash ɗin nan a aljihunsa kamar garwashi.

Aka kira Injiniya, mai gyaran kwamfuta a layin baya. 'Yar gajeruwa ce mai baki, ba ta zuwa waje ba ta bar dariya ba. Ta zauna ta duba, ta ce, "To ku saki ranku, ba a yi mutuwa ba. Kulle aka yi wa kayanku."

Ta yi musu bayani tana aiki. Irin cutar da ake kira tsutsa ce. Ba ta jiran a aike ta, da kanta take rarrafe daga filash zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa duk filash ɗin da aka soka. Sai ta ɓoye foldojin gaskiya ta ajiye na bogi masu kibiya, duk wanda ya danna ɗaya ya ƙara tashe ta.

"Kwamfutar za mu fara wankewa," ta ce. "In ka wanke filash ka mayar da ita nan, ka yi wanka ne ka koma cikin taɓo."

Ta kashe tsutsar inda take gudana a ɓoye, ta cire ta daga jerin abubuwan da suke tashi tare da kwamfuta, ta sa manhajar kashe cuta ta bi lungu-lungu. Ta hana kwamfutar buɗe filash da kanta. Sannan ta bi filash ɗin ɗaya bayan ɗaya: ta sa a nuna ɓoyayyun fayiloli, ta goge masu kibiya, ta kwashe zanen gefe, ta share filash ɗin tas, ta mayar. Da foldojin babban ma'aji suka bayyana, Yaya ya sauke wata ajiyar zuciya ya zauna a kan buhun yadi.

Ta duba ta Kawu ma. "Tana da ita. Amma fa wannan bai nuna ita ta kawo ba, duk wadda ta shiga nan sai ta ɗauka."

Yaya bai ma saurara ba, yana can yana lissafa zanensa. Auta ne ya ji, ya ji da kyau.

"Biyar na gani," in ji Injiniya. "Ka ce shida ne."

Aka duba ƙusa, aka duba ƙarƙashin tebur. Babu shuɗiya. Kawu ya dafe kai.

"A cikinta na ajiye bajin sabuwar makarantar nan. Kwana uku ina yinsa, ban kai shi kwamfuta ba. Wataƙila ni na yar da ita, kwanan nan ban san inda kaina yake ba."

"Duk inda take, mai cuta ce," Injiniya ta ce tana rufe jakarta. "Kada a soka ta ko'ina sai na gani."

Riguna ɗari huɗu ne suke jiran bajin nan, kuma ranar Asabar aka yi alkawari. Kawu ya ja kujera ya fara daga farko. Bajin yana da littafi a buɗe da fitila da wasu ƙananan haruffa a zagaye, kowane harafi sai an bi shi ɗigo-ɗigo an nuna wa allura hanyarta. Auta yana jikin inji yana satar kallonsa. Tsohon yakan manna fuska da kwamfuta, ya ja baya, ya ɗiga magani a ido, ya share hawayen da hannun riga. Ko shayinsa bai sha ba.

A hanyar gida Auta ya tsaya a kan wata kwalbati, ya fito da filash ɗin. Jefawa ɗaya ce, magana ta mutu. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke wucewa da ledoji. Ya mayar da ita aljihu, ba don jarumta ba, don dai hannunsa ya ƙi.

Da safe matarsa ta taso daga wajen wanki da kumfa a hannu.

"Baban yara, ga abinka. Saura ƙiris in jiƙa maka shi da wando."

Abin da ya fara zuwa ransa shi ne, ina ma ta jiƙa. Sai kunyar wannan tunanin ta kama shi har ya kasa kallonta.

Bai wuce shago ba, wajen Injiniya ya nufa. Ta karɓa ba ta tambaye shi komai ba. Minti goma ba su cika ba ta fito da bajin Kawu lafiya lau. Kusa da shi kuma ga wata takarda mai sunansa a sama, da kwanan watan Litinin. Ta kalle ta, ta kalle shi.

"Wannan kam ba zane ba ne."

"Goge ta," ya ce. "Zan ce a ƙarƙashin inji na tsince ta."

"Gogewa ba wuya." Ta goge, ta miƙa masa. "Ni gyaran kwamfuta na iya, sauran gyaran naka ne. Amma tsohon nan ya ba ni tausayi jiya."

Da ya shiga shago Kawu yana nan a inda ya bar shi, ya kai rabin haruffa. Yaya yana sa wa inji mai. Auta ya ajiye filash ɗin a kan tebur.

"Ga shuɗiya. An wanke ta, bajin yana ciki."

Kawu ya ɗago, fuskarsa ta washe. "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan! A ina na yar da ita?"

Ƙaryar tana kan harshensa, a shirye. Wannan albarkar ce ta tare ta.

"Ba kai ka yar ba, Kawu. Tun Litinin tana aljihuna. Ni na kai ta shagon buga takardu, ni na kwaso cutar. Kafin ka sa taka na riga na sa wannan."

Yaya ya ajiye gwangwanin mai a hankali. "Jiya kana tsaye a nan."

"Ina tsaye."

"Kana ji ina faɗa masa abin da na faɗa."

"Ina ji."

"Me ka je bugawa?"

Auta ya faɗa masa. Ya zaci tsawa, ya ma fi son tsawar. Yaya sai ya tsaya yana goge yatsunsa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya.

"Da ka ce mini kana son tafiya, ni zan rubuta maka shaidar aiki da hannuna. Tafiyarka ba ta dame ni kamar yadda ka bar ni na ci mutuncin ƙanin uwata a gaban baƙuwa ba."

Ya zagayo tebur, ƙaton mutum mai jikoki a hanya, ya durƙusa a gaban Kawu. Auta ma ya durƙusa. Kawu ya rasa inda zai sa kansa.

"Kai, ku tashi, kada wani ya shigo ya zaci rasuwa aka yi. Na yafe. Kai Auta, ka cuce ni dai da haruffa goma sha bakwai, sai ka saya mini maganin ido."

Ya yi dariya, su ma suka yi abin da ya yi kama da ita. Aka sa bajin a inji, riguna suka fita ranar Asabar.

Kamfanin bai kira Auta ba, shi ma bai bi sawu ba. Yaya ya yi mako guda ba ya ce masa komai sai abin da ya shafi aiki, daga baya ya bar masa kula da injinan gaba ɗaya, ya daina aikensa. Da za a tambayi Auta, da sai ya ce an wuce wurin.

Sai dai Kawu ya fito da wata sabuwar ɗabi'a. Kullum da safe in ya zo, yakan ajiye jakarsa, ya tsaya a bayan kujerar kwamfutar da ya yi shekara goma sha ɗaya yana zama a kanta, hannuwansa a baya.

"In kunna?" yakan tambaya.

"Haba Kawu, sai ka tambaya?" in ji Auta.

"A'a, gara dai a tambaya."

Ba da gatse yake faɗa ba, da gaske yake yi. Kuma ba ya zama sai ɗayansu ya ce masa kunna.