A Raba da Yawan Jama'a

"Saura ɗaya! Saura ɗaya mu tashi!"

Babbar motar ko rabi ba ta yi ba, amma haka yake kira tun yana saurayi, har kiran ya zame masa suna. Duk tashar Saura-Ɗaya ake ce masa, kuma shi ke tsara layin fasinja. Yana cikin cusa wani buhu ƙarƙashin kujera sai ga ƙanin matarsa, direban ƙaramar mota, wanda yara suka sa kowa ke kira Kawu. Ya taho yana ɗaga waya sama kamar wanda ya ciyo kofi.

"Yaya, ka ga sakamakon gasar wasannin matasa ta ƙasashe? Mu ne a sama."

"Ku wa? Lamba biyu kuka samu, mu talatin da wani abu."

"To a raba da yawan jama'a mana. Kun ninka mu sau ɗari. Da kun kai mu ƙoƙari, lamba ɗari biyu za ku kwaso."

"Lambar yabo gado ce da za a yi ta rabo? Ƙasar da in mutum ya yi atishawa a gabas, na yamma ke ce masa sannu!"

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Musun nan ya girmi wasu direbobin. Matar Saura-Ɗaya da ƙaninta 'yan wata ƙaramar ƙasa ce da ke maƙwabtaka, shi kuwa ɗan babbar ƙasa ne, kuma yana ji da girmanta kamar shi ya haifi jama'ar duka. Duk gasar da aka yi, shi ya ƙirga lambobi, Kawu ya raba, kowa ya tafi gida yana cewa shi ya yi nasara.

Sai dai yau dariyar Saura-Ɗaya iyakarta leɓe. Autarsa 'yar tsere ce, tun tana ƙarama ba a aikenta ta tafi da tafiya. A gwajin fitar da waɗanda za su wakilci ƙasa a gasar duniya ta zo ta huɗu, alhali mutum uku ake ɗauka. Sai kocin ƙasar mahaifiyarta ya bugo ya ce su suna so, gurbinta na nan, amma yana son amsa kafin yamma ta yau. In ta sa rigarsu, shi ke nan, ta zama tasu. Auta ta ce ba ta zuwa ko'ina sai Baba ya yarda. Baba kuwa ya ce ta jira zagaye na gaba, ai shekara huɗu ba wani abu ba ce.

Kawu ya rage murya. "Yaya, maganar yarinyar nan fa?"

"Na gama magana. 'Yata ba za ta je ta cike muku lissafi ba. Je ka nemi fasinja."

Kawu ya koma gindin motarsa. Ita ma babban gari take zuwa, sai dai tana bin tsohuwar hanya, don haka kowa babbar yake rububi. Tun safe kujera ɗaya ta hana shi tashi.

Wajen hantsi layi ya yi tsawo har ya zagaya rumfar mai gyaran taya. Saura-Ɗaya ya shiga aikinsa, wannan ya matsa, waccan ta ɗora yaro a cinya, mai kaji ya koma baya. Babbar mota ta cika taf, ya buga mata gefe ta tashi. Mutumin da aka rufe ƙofa a kan hancinsa wani dattijo ne rungume da fankar sama, fukafukanta ɗaure da igiya. Ya ce ta 'yarsa ce, ta haihu, zafi ya hana jaririn barci.

"Baba, ga ƙaramar can, mutum ɗaya take jira. Kana shiga za ta tashi."

Dattijon ya kalle ta ya taɓe baki. "Waccan gwangwanin? Ni shekara da shekaru babbar nake shiga. Zan jira ta gaba."

"Ta gaba sai la'asar, kuma ka ga jama'ar da ke tahowa. Masu ƙarfi za su ture ka."

"Zan jira."

Ran Saura-Ɗaya ya ɓaci, don babu abin da ya tsana irin kujera a banza ga mai tafiya a tsaye. "Haba Baba! Motar ka zo yi wa biyayya, ko zuwa kake so ka yi? Babbar ta san da kai? Ta tafi ko waiwaye ba ta yi ba. Waccan kai take jira, kuma duk tasha ɗaya za su sauke ku!"

Dattijon ya yi ɗan tsaki, ya gyara rungumar fankarsa, ya nufi ƙaramar mota. Saura-Ɗaya ya bi shi da kallo, sai idonsa ya faɗa cikin na Kawu, wanda ya ji komai tun daga farko. Kawu, da bakinsa ba ya rufuwa ko a jana'iza, ya kawar da kai kawai. Ya karɓi fankar, ya ɗaure ta a sama, ya tada mota ya fice.

Saura-Ɗaya ya tsaya yana kallon layin. Kullum yawan nan yake wa kirari, yau ne ya fara ganinsa daga inda na huɗu ke tsaye. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya ji kunya. Ya kira motoci biyu na wasu garuruwa bayan nan ba tare da ya san abin da yake faɗa ba, sannan ya bar wa abokin aikinsa layin ya nufi gida.

Ya tarar da Auta a tsakar gida tana goge takalman tserenta da tsohon buroshin haƙori, takalman da tun jiya suke fes. Mahaifiyarta na kan keken ɗinki, ba ta ko ɗago ba. Ya wuce ɗaki, ya buɗe akwati, ya ɗauko tutar ƙasarsa da ya saya tun kafin gwaji don ya kaɗa ranar da za ta tafi. Ya ninke ta ƙanana ya fito.

"Auta, kira mutumin nan. Ki ce kina zuwa."

Buroshin ya faɗi. Keken ɗinki ya tsaya.

"Baba, da gaske?"

"Na taɓa yi miki wasa da kujera? Ungo wannan, ki sa a ƙasan jaka. Ba sai kowa ya gani ba."

Ta karɓa da hannu biyu, tana dariya hawaye na zuba. "To in aka haɗa ni da 'yan ƙasarku fa?"

Kalmar "ƙasarku" ta soke shi, amma ya daure. "Ki wuce su. Amma a hankali, kada ki ba su kunya da yawa."

Da yamma Kawu ya shigo, ƙurar hanya har gira. Ya ji labari tun daga ƙofa, don Auta ta gaya wa duk layin gidajen. Ya zauna ya sha ruwa yana ta danne murmushi. Saura-Ɗaya ya jawo kujera kusa da shi.

"Kawo wayar nan, nuna mini yadda ake rabawar. In Auta ta ciyo ɗaya muka zama uku, ina za mu tsaya?"

Matarsa ta ajiye almakashi. "Muka? Yaushe ka zama mu? Shekara nawa kana ce mana ƙauye mai tuta?"

"Taimako ne. Ƙasa ba mutane, na ga gara in ƙara muku ɗaya."

Kawu ya yi wuf ya fizge wayarsa ya sa a aljihu.

"A'a, Yaya, don Allah zauna inda kake. Auta muka nema. Kai in ka shigo, yawan jama'a kawai za ka ƙara, ka ɓata mana lissafi."